Karatu a ƙaramin garin kan dutse: wa ke cin riba, wa ke shan wuya a banza?

Tambaya: Malam, ina neman gurbin karatu, kuma cikin makarantun da suka amsa mini akwai jami'ar da ke wani ɗan ƙaramin gari a tsakiyar duwatsu, sai wasu kwalejoji da aka ce suna kewayen garin. Hotunan wurin sun burge ni, amma yayyena na cewa jami'ar kirki a babban birni take. Shin irin waɗannan makarantu suna da daraja? Da me zan auna su?

Amsa: Ƙanena, yayyenka sun faɗi rabin gaskiya. Akwai jami'o'in kan dutse da a fanninsu babu wata jami'ar birni da ta kama ƙafarsu, akwai kuma waɗanda ba su da abin nunawa sai hoton tsauni da dusar ƙanƙara. Abin da zai raba maka su tambaya ce guda: me ya kai makarantar can tun farko? Ba wanda ke kwasar malamai da littattafai da kayan gini ya hau da su dutse don nishaɗi. Gini a can ya fi tsada, samun malamin da zai yarda ya zauna ya fi wuya, kai kaya ma wani aiki ne. Don haka kowace makaranta irin wannan akwai dalilin da ya dasa ta. Idan abin da kake son karantawa ya zo daidai da wannan dalili, ka dace ƙwarai. Idan bai zo daidai ba, za ka ɗauki nauyin nisa da sanyi da kaɗaici, ribar kuma wani ne zai ci.

Dalili mafi daɗewa shi ne ma'adinai. A garin Freiberg na ƙasar Jamus, a gindin duwatsun Erzgebirge, an gano azurfa tun 1168, kuma a 1765 aka kafa makarantar koyon haƙar ma'adinai a can. Gari ne na mutum kusan 40,000, amma a ɗakunan gwaje-gwajensa aka gano sinadarai biyu da duniya ba ta san da su ba: indiyom a 1863, da jamaniyom wanda Clemens Winkler ya gano a 1886. Shahararren masanin kimiyya Alexander von Humboldt ma a can ya yi karatu. Har yau jami'ar tana da ramin haƙar ma'adinai nata na kanta, inda ɗalibi ke sa hular kwano ya sauka ƙarƙashin ƙasa ya ga da idonsa abin da aka zana masa a allo. Shekara goma bayan Freiberg, wato 1775, aka fara koyar da wannan fanni a Clausthal cikin duwatsun Harz na Jamus, garin da Wilhelm Albert ya ƙirƙiro igiyar ƙarfe a 1834 saboda sarƙoƙin da ake jan kaya da su daga ramuka suna yawan tsinkewa. A Ostiriya kuma an buɗe makarantar ma'adinai a ƙauyen Vordernberg a 1840, aka mayar da ita garin Leoben a 1849. Leoben gari ne na mutum kusan 25,000 kacal, amma ga dutsen ƙarfe na Erzberg a kusa, ga masana'antar narka ƙarfe ta Donawitz a bakin gari. Hanyar sarrafa ƙarfe da iskar oksijin da yawancin manyan masana'antun duniya ke bi a yau, sunan birnin Linz na Ostiriya da na Donawitz take ɗauke da shi.

Haka labarin yake a wasu nahiyoyin. Ouro Preto a Brazil garin zinare ne mai hawa da gangara, kuma a 1876 wani Bafaranshe mai suna Claude-Henri Gorceix ya kafa makarantar ma'adinai a can bisa gayyatar sarki Pedro na Biyu. A Amurka akwai Colorado School of Mines a garin Golden tun 1874, wadda ita ma take da ramin koyarwa a Idaho Springs, kuma cibiyar da ke bibiyar girgizar ƙasa a faɗin duniya, ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka, a harabarta take.

Wani abu da nake so ka lura da shi game da waɗannan makarantu shi ne ramukan da suka haife su da yawa sun daɗe da mutuwa. An daina haƙa a Clausthal tun 1930, a Freiberg kuma 1969. Amma makarantun ba su mutu ba, sun juya akalarsu zuwa ilimin ƙarafa da sauran kayan ƙira, makamashi, rijiyoyin mai da zafin ƙarƙashin ƙasa, da fitar da ma'adinai daga tsofaffin na'urori. Wanda zai karanta injiniyancin ma'adinai, ko ilimin duwatsu, ko narka ƙarfe, ya samu gurbi a ɗaya daga cikinsu, to kada ya bari ƙanƙantar gari ta tsorata shi. Kamfanonin wannan fanni sun san sunayensu sarai, su ne ma ke bin sawun ɗalibai har can. Sai dai a Jamus da Ostiriya digirin farko yawanci da Jamusanci ake yin sa, a digiri na biyu ne Turanci ya fi yawa. Ka tabbatar da harshen koyarwa kafin ka sa rai.

Dalili na biyu shi ne dutsen kansa ya zama ɗakin gwaji. Garin Flagstaff a jihar Arizona yana kan tsayin mita 2,100 sama da teku. Sararinsa garau yake, iskarsa busasshiya, shi ya sa Percival Lowell ya kafa cibiyar hangen taurari a can a 1894, inda Clyde Tombaugh ya gano duniyar Pluto a 1930. Garin ya yi doka kan fitilun titi don kada haske ya ɓata wa masu hangen sama aiki, kuma 'yan sama-jannatin da suka je wata sun yi atisaye a kan duwatsun aman wuta na yankin. Ga kuma dajin itatuwan fayin da ya kewaye shi. Saboda haka Northern Arizona University ta yi suna a ilimin gandun daji da na taurari, kuma masu tseren dogon zango daga ƙasashe da dama suna zuwa garin su yi horo. A Indiya, cibiyar fasaha ta IIT Mandi da aka kafa a 2009 tana cikin kwarin Kamand a jerin duwatsun Himalaya, yankin da ƙasa ke zaftarewa kowace damina, kuma masu bincikenta sun ƙera na'urori masu sauƙin kuɗi da ke gargaɗi kafin gangare ya rufto. University of Central Asia, wadda Aga Khan, jagoran Musulmi Isma'iliyya, da shugabannin Kirgistan da Tajikistan da Kazakistan suka sa hannu aka kafa a 2000, da gangan aka kai ta lungu: harabar Naryn ta buɗe a 2016, ta Khorog a 2017, duka a tsayin da ya kai mita 2,000 ko fiye, kuma rayuwar al'ummomin kan dutse ita ce ginshiƙin bincikenta. Jami'ar Dschang a tsaunukan yammacin Kamaru kuwa noma ne ƙarfinta, domin ƙasar wurin da yanayinta sun karɓi amfanin gona iri-iri.

Sai rukuni na uku, wanda shi ya fi yawa, kuma ina kyautata zaton makarantun da suka amsa maka a nan suke. Waɗannan an kafa su ne saboda mutanen kan dutse suna buƙatar malaman makaranta da ma'aikatan jinya, kuma 'ya'yansu ba sa iya zuwa birni. Appalachian State University a garin Boone na jihar North Carolina ta fara ne a 1899 da 'yan'uwa biyu masu suna Dougherty da suka so horar da malamai ga ƙauyukan duwatsu. Western Carolina University a Cullowhee haka ta samo asali a 1889. Western Colorado University a Gunnison ta buɗe a 1911 a matsayin makarantar horar da malamai. Ita ma ta Flagstaff da na ambata, da haka ta soma. A Fotugal, jami'ar Beira Interior da ke Covilhã ta zama cikakkiyar jami'a a 1986, lokacin da masaƙun ulun garin ke durƙushewa, har ma a tsofaffin gine-ginen masaƙun aka sa azuzuwa.

Irin waɗannan makarantu ba su cika fitowa a sahun gaba na jerin jami'o'in duniya ba, kuma wannan jeri bai kamata ya ruɗe ka ba, domin yawan takardun bincike yake ƙirgawa, ba yadda ake koyar da ɗan aji ɗaya ba. Abin da suke da shi shi ne malamin da ke shiga aji da kansa, ya san sunanka, ya lura idan ka yi fashi. A babbar jami'ar birni ɗalibin digirin farko kan zauna cikin ɗaruruwa a zauren lacca, kuma na'urorin ɗakin gwaji masu digiri na uku ne ke riƙe da makullinsu. A ƙaramar jami'a, saboda masu manyan digiri ba su da yawa, ɗan aji biyu ko uku ne malami ke ja cikin bincikensa. Wasiƙar shaida daga malamin da ya yi aiki da kai hannu da hannu ta fi ta shahararren farfesan da bai taɓa ganin fuskarka ba. Wannan riba ce ta gaske, kuma ita ce mutane suka fi rainawa.

Akwai kuma waɗanda aka kai dutse don a nisanta ɗalibi daga hayaniya. Jami'ar Al Akhawayn a Ifrane ta Maroko, wadda ta buɗe a 1995 tana koyarwa da Turanci bisa tsarin Amurka, misali ce, haka jami'ar ƙasar Lesoto a kwarin Roma, da ta faro a 1945 a matsayin kwalejin 'yan mishan na Katolika. A irin waɗannan harabar ita ce duniyarka.

To yanzu ga inda yayyenka suke da gaskiya. Akwai karatun da abincinsa yawan jama'a ne. Likitanci na buƙatar asibitin koyarwa mai cike da marasa lafiya iri-iri, abin da garin mutum dubu ashirin ba zai iya bayarwa ba. Jami'ar Wyoming a Laramie ita ce babbar jami'ar jiharta, amma ba ta da makarantar likitanci tata ita kaɗai, sai haɗin gwiwa da Jami'ar Washington da ke Seattle. Covilhã tana koyar da likitanci, amma sai da ta raba ɗalibanta tsakanin asibitocin garuruwa uku, da ita da Guarda da Castelo Branco. Shari'a na son kotuna da ofisoshin lauyoyi. Harkar banki da kasuwanci da aikin jarida na son wuraren da za ka je sanin makamar aiki da la'asar bayan lacca. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ne burinka, ka tambayi makarantar kai tsaye: a ina ɗaliban bara suka yi sanin makamar aiki, kuma wa ya biya musu masauki a can? Amsar da ta tsaya a "muna da alaƙa da kamfanoni da dama" ba amsa ba ce.

Batun kwalejojin da aka ce suna kewayen garin, nan ne na fi son ka buɗe ido. Jerin da ake haɗawa na makarantun da ke kusa da wani gari, yawanci da miƙaƙƙen layi a kan taswira ake auna shi. A fili wannan ba laifi. A cikin duwatsu kuwa, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kwalejin da taswira ta ce kilomita 30 ce tana iya kasancewa a bayan tsauni, hanyar zuwa kuma ta zagaya kilomita 80 a kan titi mai lanƙwasa wanda ake rufewa idan ƙanƙara ta sauka. Kwatanta Golden da Gunnison, duka a jiha ɗaya. Golden tana jingine da dutse amma Denver na gefenta, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba, har jirgin ƙasa na cikin gari yana isa bakinta. Ɗalibin can yana da dutse a baya, birni a gaba. Gunnison kuwa kusan kilomita 320 ce daga Denver, kuma sai ka haye mashigar Monarch mai tsayin sama da mita 3,400. A watan Afrilun 2024 aka gano tsaga a wata gada da ke kan babbar hanyar yamma da garin, aka rufe ta, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna zuwa Montrose ta koma zagayen sa'o'i. Babbar hanyar da ta ratsa Laramie ma iska da ƙanƙara kan sa a rufe ta sau da yawa a lokacin hunturu. Clausthal ba ta da tashar jirgin ƙasa mai aiki, sai ka sauka a Goslar ka hau bas. Daga Dushanbe zuwa Khorog kusan kilomita 600 ne, amma mota kan cinye yini guda cur, wani lokaci har da dare.

Saboda haka kada ka auna nisa da kilomita. Ka auna shi da lokaci, kuma lokacin watan da ya fi muni a shekara, a motar haya ba a motar kanka ba. Ka duba ƙarfe nawa bas ɗin ƙarshe ke tashi, ko yana aiki ranar Asabar da Lahadi, da yawan sa'o'in da ke tsakaninka da filin jirgin sama da babban asibiti. Wanda ya tsara zai zauna a gari ɗaya yana zuwa lacca a wani, shi ne ya fi shiga wannan tarko.

Dutse kuma yana da nasa bala'o'in, kuma abin da ke sa su tsanani shi ne hanya ɗaya ce ko biyu ke shiga gari. A ƙarshen Satumban 2024 guguwar Helene ta zubar da ruwa a yammacin North Carolina, yankin da mutane da yawa suka ɗauka ya yi nisa da teku har guguwa ba za ta iso shi ba. Jami'ar Appalachian State da ke Boone ta dakatar da darussa har tsakiyar Oktoba, birnin Asheville ya yi sama da mako bakwai babu ruwan famfon da za a sha, wani ɓangaren babbar hanyar da ta haɗa jihar da Tennessee ya rufta cikin kogi. A Italiya girgizar ƙasar 6 ga Afrilun 2009 a L'Aquila ta kashe sama da mutum 300, kuma masaukin ɗalibai na cikin gine-ginen da suka rushe, ɗalibai takwas suka rasu a ciki. Camerino, mai jami'a tun 1336, girgizar 2016 ta sa an rufe tsakiyar garin, jami'ar ta koma gine-ginen bayan gari. Ba don in tsorata ka na kawo waɗannan ba, birane ma suna da nasu. Amma kafin ka kama ɗaki ka san ko ginin yana bakin rafi ne, ko a ƙasan gangare, ko tsohon gini ne a yankin girgizar ƙasa.

Yanzu jikinka. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Selshiyos. Kada sunan ƙasa ya ruɗe ka: a Ifrane aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Afirka, kusan digiri 24 ƙasa da sifili, a watan Fabrairun 1935. Hasken rana kuma ya fi ƙuna a sama ko da ana sanyi, leɓe na tsagewa, hanci na bushewa har ya yi haɓo. Iska ba ta canza haɗinta, oksijin na nan kashi 21 cikin ɗari, amma nauyinta ne ke raguwa, don haka kowane numfashi na kawo maka ƙasa da abin da ka saba: a mita 2,000 kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi, a mita 3,000 kusan kashi 30 cikin ɗari. Yawancin garuruwan da na lissafa ba su kai inda wannan zai dami mai lafiya ba. Boone mita dubu da kaɗan ce, Freiberg da Leoben ba su ma kai haka ba. A Flagstaff da Laramie da Gunnison za ka yi haki a kan bene da ciwon kai da rashin barci na 'yan kwanaki, sannan jiki ya fara ƙara jajayen ƙwayoyin jini ya saba cikin makonni. Ciwon tsauni na sosai ya fi kamawa daga mita 2,500 zuwa sama, kamar a Leadville, inda Colorado Mountain College ke da haraba a tsayin kusan mita 3,100. Haki alhali kana zaune, tari mai kumfa, ruɗewa ko tangaɗi a tafiya, waɗannan ba na jira ba ne, a sauka ƙasa a nemi likita nan take.

Akwai magana guda da ofishin ɗaukar ɗalibai ba zai tuna ya gaya maka ba, ni kuwa ba zan bari ta wuce ba. Ka san rukunin jininka game da sikila kafin ka zaɓi gari mai tsayi. Mai amosanin jini, wato SS, ƙarancin oksijin na iya tayar masa da ciwo, kuma bai kamata ya yanke shawarar zama a irin wannan wuri ba sai da likitansa. Mai AS, wanda bai taɓa jin komai ba a rayuwarsa, shi ma ba a ce ya kuɓuta gaba ɗaya ba, domin a kan tsauni jini na iya toshewa a saifarsa, musamman idan ya haɗa da motsa jiki mai tsanani da ƙarancin ruwa a jiki. Ɗan wasan ƙwallon Amurka Ryan Clark, mai AS, ya buga wasa a Denver a 2007, tsayin mita 1,600 kacal, ya kwanta rashin lafiya har aka cire masa saifa da matsarmama. Ba kowa abin ke samu ba, masu AS da yawa suna zaune a kan tuddai lafiya ƙalau. Amma idan kana cikinsu, ka hau a hankali, ka yawaita shan ruwa, ka jinkirta wasanni a makonnin farko, kuma duk ranar da ka ji ciwo mai tsanani a ƙasan haƙarƙarin hagu ka je asibiti ka faɗa musu rukunin jininka da bakinka, don likitan ƙaramin gari ba lallai tunaninsa ya je can da wuri ba.

Mutane kan ɗauka ƙaramin gari na nufin haya mai sauƙi. A tsofaffin garuruwan ma'adinai da jama'a suka ragu, kamar na Harz, haka ne. A garuruwan da 'yan yawon buɗe ido ke so kuwa, akasin haka ne. Filin da ya miƙe wanda za a iya gini a kai kaɗan ne, sauran duk gangare ne ko dajin gwamnati, kuma mai gida ya fi son ya ba baƙon kwana uku fiye da ɗalibin shekara. Ɗaliban jami'ar Boone sun haura 20,000 a garin da ƙidayar 2020 ta ba shi mutum kusan 19,000. Majalisar garin Flagstaff sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ƙarancin gidaje a ƙarshen 2020. Don haka ka nemi a rubuta maka shekara nawa makarantar ta lamunce maka ɗaki a masaukinta, kuma ko ana rufe masaukin a lokacin hutu. Ɗalibin gida yana komawa wurin iyayensa, baƙo kuwa sai ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa a daidai lokacin da otal-otal suka cika da masu wasan sulu a ƙanƙara. Kuɗin ɗumama ɗaki da kayan sanyi su ma ka sa su a lissafi.

Aikin wucin gadi ma kada ka gina kasafinka a kansa. Za a ce maka akwai ayyuka a wuraren shaƙatawa na kan dutse, kuma akwai ɗin, amma bizar ɗalibi a Amurka, alal misali, a cikin haraba ta yarda ka yi aiki, awa 20 a mako lokacin zangon karatu, aikin waje kuma sai da izini na musamman mai alaƙa da karatunka. Ƙaramar makaranta guraben aikinta kaɗan ne.

Game da kaɗaici ba zan ja magana ba. Wasu na bunƙasa a wurin da kowa ya san kowa, wasu kuma wata uku na duhu da sanyi kan karya musu gwiwa. Kai ka fi kowa sanin halinka. Ka nemi makarantar ta haɗa ka da baƙon ɗalibi da ya yi hunturu biyu a can, ka ji daga bakinsa.

Abin da zan ƙara ja maka kunne a kai shi ne lafiyar aljihun makarantar, musamman idan ƙarama ce mai zaman kanta. Irin waɗannan kuɗin ɗalibai ne jininsu, idan masu shiga suka ragu shekara biyu ko uku a jere sai su fara tangal-tangal. Green Mountain College a jihar Vermont, wadda tarihinta ya koma 1834, ta rufe a 2019. Sierra Nevada University da ke bakin tafkin Tahoe ta narke cikin Jami'ar Nevada ta Reno a 2022. Quest University a garin Squamish na Kanada, wadda ta buɗe a 2007 kuma aka yi ta yabon salon koyarwarta, ta dakatar da karatu a 2023. Dukansu wuraren da suke kamar a zana ne, kyau bai cece su ba. Baƙon ɗalibi shi ya fi jin jiki a irin wannan hali, tunda izinin zamansa a ƙasar a jikin makarantar yake rataye. Ka duba yawan ɗalibanta a shekaru biyar da suka wuce, hawa yake ko sauka. Idan suna ba kowa rangwame mai yawa ba tare da an roƙa ba, suna kuma matsa maka ka biya kafin mako ya ƙare, ka yi hattara.

Sai tantancewa, wadda hawa biyu ce. Na farko hukumar ƙasar ta amince da makarantar gaba ɗayanta. Na biyu, sashen da za ka shiga ya samu amincewar masu kula da sana'ar, kamar ABET ga injiniyanci a Amurka da wasu ƙasashe. Ka duba sunan a shafin hukumar da kanta, ba a shafin makarantar ba, sannan ka tambayi hukumar da za ta ba ka lasisin aiki a inda kake niyyar zama ko tana karɓar wannan takarda. Ka kuma tambayi sunan wace jami'a ce za a buga a kan shaidar digirin, don ƙananan makarantu da yawa suna koyar da kwas ɗin wata babbar jami'a a harabarsu. A Gunnison, misali, ɗalibin injiniyanci yana zaune a Western Colorado amma digirinsa na Jami'ar Colorado ta Boulder ne, wanda wannan alheri ne gare shi. A wani wurin kuma reshe ne kawai mai shekara biyu, sauran shekarun sai ka tattara ka koma babbar haraba a wani gari.

Idan cikin kwalejojin kewayen akwai ta shekara biyu irin ta al'umma, wadda kuɗinta ya fi sauƙi, hanya ce mai kyau ka fara a can ka ƙarasa a jami'ar. Sharaɗin shi ne a samu rubutacciyar yarjejeniya tsakanin makarantun biyu da ta nuna darasi bayan darasi wanne za a karɓa maka a sashen da kake so, kuma kwalejin tana da izinin ɗaukar ɗaliban ƙasashen waje. Yawancinsu ba su da masaukin ɗalibai, saboda an gina su ne don 'yan yankin da ke zuwa da motocinsu, don haka ka fara warware batun ɗaki da bas kafin ka biya kuɗin rajista.